Wasan kwaikwayo zai raba yaro da ƙwaya?

Kawu na Bolari: Salamu alaikum. Matasan unguwa sun zo neman gudummawa, wai za su haɗa wasan kwaikwayo da zanen bango tare da yaran da suka bar shaye-shaye. Ni dai ban gamsu ba. Yaron da tiramol ya riƙe, fenti ne zai sake shi?

Nas: Kawu, ba wanda ya ce fenti magani ne. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin, in ya bari farat ɗaya sai zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, barci ya ƙaurace masa. Wannan aikin likita ne, a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. To bayan an sallame shi fa? Majalisar da ya bari tana nan tana jiransa, daga la'asar har dare ba shi da abin yi.

Kawu na Bolari: A koya masa walda ko ɗinki mana.

Malamin firamare: Masu sana'ar ma suna sha, Kawu, wasu don su jure aikin ne ma suke afawa. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, binciken shekarar kuma ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Wa'azi an yi, kame hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na yi, gidan mari kuwa mun ga azabtarwar da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019. Abin da ya ja hankalina a nan, yaran ne da kansu ke tsara labarin. Na leƙa gwajinsu: wani da ya yi Kalare, wato daba, shi ya fito a uban da ke korar ɗansa daga gida. Da ya ɗaga sandar, sai ya kasa faɗin maganar. Aka tsaya, suka zauna suna gardamar me uban ya kamata ya yi.

Goggo: Ɗana, ni tonon asirin nake jiye musu. Yaro ya hau dandamali, gobe ya je neman aure a ce ai ɗan ƙwayar nan ne na wasan. 'Yan mata kuwa, waɗanda kodin ya fi ci a ɓoye, wace uwa ce za ta bar 'yarta ta fito?

Nas: Gaskiyarki, Goggo. Kada a tilasta wa kowa fitowa. A cakuɗa su da yaran da ba su taɓa sha ba, mai kallo ya kasa tantancewa. Mata su yi nasu cikin gida, ko zanen lalle ne ko saƙa, suna yi suna hira.

Kawu na Bolari: In an yi tafi an watse fa, wa zai riƙa bibiyarsu?

Malamin firamare: Wannan sai matasan su amsa.

Kawu na Bolari: To su zo gida da amsar ranar Asabar. Kafin nan ko sisi ba zan bayar ba.