Wace kalma za mu sa a madadin "metagemin"?

Assalamu alaikum 'yan uwa, na nan Jidda da na Makka da Madina, har da na gida. Kalma nake nema, amma sai na ba ku labarin abin da ya kawo neman kafin ku gane irin wadda nake so.

Daren Alhamis ɗan yayata, saurayi ɗan shekara 19, ya fito daga ɗaki rai a ɓace, ko tuwon da aka rufe masa bai buɗe ba. Hajiya kakarsa ta ce, "Kai kuma wa ya taɓa ka?" Ya ce askari ne, wato ɗan sanda, ya zalunce shi. Gaban tsohuwa ya faɗi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan yana shafa aljihu ya ji ko igamarsa, wato takardar izinin zama, na nan, ya san nauyin wannan magana a kunnen uwa. Na yi maza na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, a wasan kwamfuta ne." Ta ce to, shi askarin me ya yi? Nan yaro ya tsaya cak. Ya faɗa da Larabci, ya faɗa da Turanci, da Hausa kuwa harshe ya ƙi juyawa. Iyakar abin da ya fito shi ne, "Metagemin ya yi mini."

Ga waɗanda ba su san wasan ba: GTA V ne, na kamfanin Rockstar, wanda ya fito a 2013, yaran nan kuma Garand suke ce masa. Akwai wata manhaja, FiveM, wadda Rockstar ta ɗauki masu ita ƙarƙashinta a 2023. Da ita mutane ke buɗe nasu garin a kan taswirar Los Santos, birnin da ke cikin wasan, kowa ya shiga ya ɗauki rayuwa: wannan direban tasi, wancan makanike, ga likita, ga lauya, ga ɗan fashi. Larabawa na kiran wannan salo "hayat waƙi'iyya", wato rayuwa ta zahiri. 'Yan sandan garin ba na'ura ba ce, masu wasa ne kamar kowa. Neman aikin suke yi, a yi musu tambayoyi a manhajar hira ta Discord, a ba su kaki da ankwa da mota da oba-oba. A samansu kuma akwai idara, masu garin, waɗanda ke da ikon korar mutum gaba ɗaya.

Shi yaron namu makanike ne a garinsu. Abokansa suka ja shi cikin shirin fashin wani kanti, abin da dokar garin ta yarda a yi, don da babu masu laifi da 'yan sanda ba su da aiki. Suka tsere, suka sauya mota, suka ɓoye ta farkon a wani gareji can arewacin taswira. Babu wanda ya biyo su, babu jirgi a sama, babu wanda ya gan su ya kai rahoto. Ba a fi minti biyar ba sai ga motocin 'yan sanda sun yi wa garejin ƙawanya, kai tsaye, ba tare da sun leƙa ko gida ɗaya a hanya ba. Daga baya aka gane ɗaya daga cikin abokan yana watsa wasansa kai tsaye a intanet, wani cikin 'yan sandan kuma ya buɗe shirin a wayarsa yana kallo. Aka ɗaure yaro "wata" 40, wanda a lissafin garin minti 40 ne, aka ci shi tarar kuɗin wasa da ya yi mako biyu yana tarawa da gyaran motocin mutane.

Wannan shi ne abin da kalmar ke nufi. Mutum biyu ne a kujera ɗaya: akwai mai wasa da ke zaune a ɗakinsa, akwai mutumin da yake kwaikwayo a cikin gari. Abin da na ɗakin ya sani ta waya ko ta Discord ko ta bakin aboki, na cikin garin bai san shi ba. In aka ɗauko labarin daga ɗaki aka damƙa wa na cikin gari ya yi aiki da shi, an yi metagemin. Gaɓar "meta" daga Girkanci take, tana nufin abin da ke bayan abu ko gaba da shi. Laifin ya girmi intanet, don masu wasan kwaikwayon rayuwa a kan tebur, irin Dungeons & Dragons da ya fito a 1974, sun daɗe suna kokawa da shi. A lura kuma, masu buga PUBG da wasan ƙwallo na kwamfuta suna cewa "meta" da nufin dabarar da ta fi ci a wani lokaci. Ba ita nake nema wa suna ba.

Ni abin da na fara kawowa shi ne "satar sani". Hausa na da wannan gini tuntuni: satar amsa, satar kallo, satar hanya, satar fasaha. Ina jiran naku.

Bayan la'asar. Na gode, kun cika mini waya. Bari in bi waɗanda suka fi tsaya mini a rai.

Da yawa kun ce "leƙen asiri", wani ɗan uwa daga Madina ya ce "tajassusi", ya kawo aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Matsalar ita ce leƙen asiri a cikin garin halas ne, shi ne ma daɗin aikin. Ɗan sanda ya ɓad da kama, ya laɓe bayan gini, ya sayi ɗan rahoto a cikin gungun 'yan fashi, duk wasa ne mai kyau. In muka ba laifin wannan suna, mun shafa wa aikin kirki baƙin fenti. Haka "jiyau" da wata 'yar uwa ta ɗauko daga ganau da jiyau. Kalmar ta yi mini daɗi ƙwarai, amma ɗan sandan da wani ya tsegunta wa labari a cikin gari shi ma jiyau ne, kuma bai yi laifi ba. Shi kuwa ɗan sandan labarinmu ganau ne ma, da idonsa ya gani, sai dai ta tagar da ba tasa ba. "Maguɗi" da "cuta" sun yi faɗi, har wanda ya sa manhajar ganin bayan bango sun ɗauke.

Wanda ya ce "fasa-ƙwaurin labari" ya fi kowa kusa da ainihin abin, gaskiya. Iyaka ce tsakanin ɗaki da gari, an tsallako da kaya ta ɓarauniyar hanya. Na yi ta juya ta a baki tun azahar. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne tsawo. Kalmar da za a faɗa cikin fushi, ana tsakiyar wasa, tana bukatar ta fito da numfashi ɗaya.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Baffana, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a zauren malamai a Makka, ba ya wasan kwamfuta kuma ba zai fara ba, amma da na karanta masa labarin sai ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ai malaman fiƙihu sun rigaye ku. Wannan ita ce mas'alar ko alƙali zai yi hukunci da saninsa." Na ce, "Allah gafarta malam, ƙara mini." Ya ce a mashhurin mazhabar Malikiyya, wadda muka gada daga gida, alƙali ba ya yanke hukunci da abin da shi kansa ya sani a wajen zaman shari'a, sai da shaida ko iƙirari. Haka ma yake a sanannen ra'ayin Hanbaliyya, Shafi'iyya kuwa sun sassauta a wasu wurare. Ya tuna mini hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa yana hukunci ne gwargwadon abin da ya ji daga masu jayayya. Ya ce ba don alƙali maƙaryaci ne aka hana shi ba, sai don wanda ake tuhuma ba shi da yadda zai kare kansa daga abin da ke cikin kan wani. Shaida ana iya yi masa tambaya, a soke shi. Abin da alƙali ya ce shi dai ya sani, ta ina za ka kama shi?

Ba ina haɗa wasa da shari'a ba ne, Allah ya kiyaye. Amma wannan magana ta buɗe mini dalilin da ya sa laifin ya fi muni a hannun mai kaki. 'Yan fashin wasa ma suna yi, kada a ce na rufe ido. Sai dai in ɗan fashi ya yi, shiri ɗaya ya ɓata. In ɗan sanda ya yi, lokacin mutum na gaske ya cinye: minti 40 ɗin nan daga daren yaro aka yanke su, mako biyun nan da gaske ya zauna ya yi su. Kuma mutane sun miƙa hannu an sa musu ankwa ne bisa yarda. Babu abin da ya tilasta wa mai wasa ya tsaya in an ce tsaya, sai amincewar da ya yi cewa wancan ma yana bin doka.

Da yaron ya kai koke ga idara, aka ce ya kawo bidiyo. Ta yaya zai ɗauki bidiyon wayar da ke hannun wani a wani gari? Wanda ya duba koken kuma shi ne shugaban 'yan sandan a cikin wasa. Shi ya yi kiɗansa, shi ya yi rawarsa. Ba haka ko'ina yake ba, kuma masu ƙera wasanni sun daɗe da gane wannan rami. A ArcheAge, wasan Koriya ta Kudu da ya fito a 2013, a tsarinsa na wancan lokacin mai laifi kan bar sawu ko jini a ƙasa, wasu masu wasa su tsinta su kai rahoto, sannan masu wasa 5 su zauna su yanke hukunci. Hujjar a cikin duniyar wasan take, kowa na iya ganinta. A tsarin da kamfanin Valve ya sa wa wasansa na harbe-harbe, CS:GO, a 2013 kuwa, wanda aka ba bidiyon tuhuma ya duba ba ya ganin sunan wanda ake tuhuma, balle ya san aboki ne ko abokin gaba. Ƙaramin gari na samari ba zai iya duk wannan ba, amma zai iya abu biyu: ɗan sanda ya rubuta ta ina ya samo labarin kafin ya kai samame, kuma wanda ke sanye da kaki kada ya saurari ƙarar da aka kai na ƙasa da shi.

Wani ya tambaya ko su kansu 'yan sandan za mu ce musu "'yan sandan kara", kamar dokin kara, tunda a gida ma muna da kalankuwa da wasan kara na Damagaram inda matasa ke kwaikwayon masu mulki. Asalin ya yi kyau, amma akwai raini a ciki, kuma na ga yaran da ke wannan aiki tsakani da Allah, su kwana suna rubuta rahoto ba ko riyal. "'Yan sandan wasa" ya ishe su. Shi kuma ɗaya laifin da ake ce wa "pawagemin", wato ka tilasta wa wani abu ba ka bar masa damar mayar da martani ba, ba sai mun wahala ba: fin ƙarfi ne.

Bayan isha'i. Suka biyu aka yi wa "satar sani", ɗaya na amsa, ɗaya ta kayar da ni.

Ta farko daga yaron kansa ta fito. Ya ce, "Kawu, ai abin a kansa yake, mutum na satar abin da ke kansa?" Na ce masa ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa da 'yar takarda, da hannunsa ya rubuta ta, daga littafinsa ya kwafa, amma kowa satar amsa yake ce mata. Ba mallakar abin ake dubawa ba, shigo da shi inda aka hana ake dubawa.

Ta biyu Gwaggona ce ta aiko da saƙon murya daga Makka. Ta ce, "Kai ɗan nan, ka rubuta wannan a waya mutum ya gani da tsakar dare, ai sai ya ɗauka wani Sani aka sace. A wannan zamani da ake ɗauke mutane a gida, kada ka tayar wa uwar wani hankali." A baki kalmomin sun bambanta, sunan ana jan a ɗinsa, na sanin abu kuwa ba a ja. Amma mu a rubuce za mu fi amfani da ita, kuma boko ba ya nuna ja, yara kuma ba su damu da babban baƙi ba. Gwaggo ta yi gaskiya. Ita ce kuma ta kawo gyaran ba tare da ta nufa ba, don a ƙarshen saƙon ta ce ita ba ta da masaniya kan wasannin nan.

Masaniya. Ba ilimi ba ce irin na karatu, labarin wani al'amari ne da ya iso ga mutum, kuma ita ce kalmar da hukuma ke amfani da ita in an tambaye ta: muna da masaniya, ba mu da masaniya. Tambayar da za a yi wa ɗan sandan wasa ke nan daidai: a ina ka samu masaniya? In a cikin gari ne, nuna mana. In daga ɗakinka ne, sata ce. Tana kuma juyuwa yadda ake so: ya saci masaniya, ɓarawon masaniya ne, an kore shi kan satar masaniya, samamen nan da satacciyar masaniya aka kai shi.

Na tsaya a kan satar masaniya. Na gwada ta a kan Hajiya kafin ta kwanta, ba tare da wani dogon bayani ba. Na ce, "Hajiya, askarin nan satar masaniya ya yi, abin da bai gani a bakin aikinsa ba ya leƙo a waje ya kama yaro da shi." Ta ce, "Af, ashe haka ne. To a mayar masa da kuɗinsa mana." Yaron ya sake rubuta koken, wannan karon ya roƙi wani daban cikin idara ya duba, kuma tambaya ɗaya ya sa a ciki: a nuna masa kiran oba-oba ko rahoton da ya kai su garejin.