Me za mu kira "kod" da Hausa?

1. 'Yan uwa masu kiɗa, da malamanmu na Hausa, ga tambaya. Mai fiyano ya danna maɓallai uku lokaci guda, amonsu ya tashi tare. A situdiyo "kod" muke cewa, amma idan yaro mai koyo ya ji kalmar, ba ta gaya masa komai.

2. Mutanen Finlan suna kiransa sointu. Tushen kalmar shi ne soida, wato yin amo, irin na ƙararrawa. Daga nan aka samu soittaa, kaɗawa, da soitin, abin kiɗa.

3. Har 1809 ƙasar tana hannun Suwidin, kuma harshen Suwidin ne na makaranta da kotu. Bayan ta koma hannun Rasha, sai a 1863 Sarkin Rasha Alexander na biyu ya ba da umarnin a buɗe wa harshen Finlan ƙofar hukuma. Suna da kalmar aro, akordi, amma tasu ta gida ce ta zauna a bakin makaɗa.

4. Abin da ya kama zuciyata shi ne 'ya'yan da ta haifa. Kolmisointu na maɓallai uku ne, don kolme uku ne. Idan amon ya yi daɗin ji, sopusointu, sopu kuwa jituwa ce. Idan ya yi karo da juna, riitasointu, riita kuma rigima. Yaro ya ji sau ɗaya ya gane. Ƙarshen layukan waƙa da ke amsa juna ma loppusointu suke ce masa, daidai inda mu muke cewa amsa-amo.

5. To ashe muna da namu tushen: amo. Shawarata ita ce haɗin amo. Na maɓallai uku, haɗin amo uku. Mai daɗi, jituwar amo. Mai karo, saɓanin amo.

6. Wani malamina ya ce a sa haɗin sauti. Allah ya gafarta Malam, sauti ya riga ya ɗauki kaya a nazarin harshe, ga karin sauti, ga tsarin sauti. Amo kuwa har yanzu na kalangu ne da goge.

7. Ku gwada a baki: "Canja haɗin amon idan an zo amshi." Masu fiyano, ya zauna ko bai zauna ba?