TCBS ya ƙi fitar da komai, ina matsalar take?

Ɗalibar Ngaundere: Assalamu alaikum. Ina sitaj (koyon aiki) a wani labo a Garwa, aikina neman Vibrio cholerae, ƙwayar da ke kawo kwalara, a ruwan rijiyoyin bakin Binuwai. Ina tace ruwa da matata mai ƙofofin maikromita 0.45, in sa matatar a ruwan pepton (ruwan ciyar da ƙwayoyin) kwana guda, in shuka a kan TCBS, agar ɗin da ake tsirar da Vibrio a kansa a faranti. Agar ɗin ina haɗa shi, in sa a otoklaf (tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi) a digiri 121 na minti 15, in zuba. Farantan sun yi duhu, ko ɗigon rawaya, alamar tsirowar ƙwayar, babu. Malamai, a taimaka.

Teknisiyan Marwa: Wa alaikumus salam ƙanwata. TCBS ba ya shiga otoklaf, zafin yana lalata sinadaran da ke cikinsa. Ki auna abin da ke jikin gwangwanin (yawanci gram 88 ne a lita), ki tafasa yana motsuwa har ya narke, ki bari ya sauko wajen digiri 50, sannan ki zuba. Lafiyayyen faranti kore ne.

Na biyu, kwana guda a pepton ya yi yawa. Ruwan pepton ɗin ya zama mai pH (ma'aunin tsami) 8.6, awa 6 zuwa 8 a digiri 35 zuwa 37. In ya wuce haka sauran ƙwayoyin hanji sun cika kwalbar. Kuma kada ki girgiza, daga saman ruwan za ki ɗiba, can Vibrio ke taruwa saboda son iska. Ki lissafa lokacin tun safe, don kada awa 8 ɗin ta faɗo miki bayan an rufe labo.

Hajiyar labo, Kusuri: Ƙarin bayani 'yata: ko rawayan ya fito, kada ki yi saurin rubuta kwalara. Abin da ya nuna kawai an ci sukros ne, sukarin da ke cikin agar ɗin, kuma akwai wasu ƙwayoyin da ke yin haka. Ɗigon na kwalara faffaɗa ne mai sheƙi, milimita 2 zuwa 4, bayan awa 18 zuwa 24. Ki mayar da shi kan agar na gama-gari tukuna, daga can a yi gwajin oksidas (Vibrio yana ba da launin shuɗi), don in daga TCBS aka ɗauka kai tsaye sakamakon yaudara yake. Da tsinken katako ake ɗiba, wayar nikrom tana ba da shuɗin ƙarya. Sai gwajin zare (ƙwayar tana yauƙi kamar zare) da sinadarin deoksikolat kashi 0.5 cikin ɗari, sannan antiserum, ruwan gwajin da ke tantance O1 da O139, nau'o'in da ke kawo annobar kwalara. Ruwan kogi cike yake da danginsa da ba O1 ba, su za ki fi gani.

Teknisiyan Marwa: Haka ne Hajiya. Ki kuma roƙi mai kula da ke ya ba ki sanannen Vibrio ki shuka a kowane sabon haɗi. In shi ma bai fito ba, agar ne, ba rijiya ba. Farantan da kika gama da su, su ne na otoklaf, minti 30 kafin a zubar.