Spitfire na roba a ma'aunin 1/72: yaya ake haɗa shi ya fito fes?

SabonHannu

Assalamu alaikum. Ina da kwalin sassan roba na haɗa ƙaramin samfurin jirgin saman yaƙin Birtaniya, Spitfire Mk.Ia, na kamfanin Airfix, ma'aunin 1/72, kuma ban ciro ko sashe ɗaya daga firam ɗin robar da sassan ke zuwa maƙale a jikinsa ba tukuna. Kafin in sa hannu ina neman shawarar masana a kan abu uku. Yaya ake ɓatar da layin da ke fitowa a inda ɓarin gangar jirgin biyu suka haɗu? Da wane gam ake manna gilashin matuƙi ba tare da ya yi hazo ba? Sannan me ke sa tambarin ruwa, wato alamomin jirgin da ake jiƙawa a manna, ya yi farin ƙyalli a gefensa bayan ya bushe? Ba ni da bindigar feshi, buroshi kawai gare ni, kuma a Kano nake, ga hunturu ya kama. Allah ya saka da alheri.

Baba Makaniki

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi dace da zaɓi. Faɗin fukafukan Spitfire na gaske mita 11.23 ne, idan ka raba da 72 za ka samu kusan santimita 15.6. Jirgi ne ɗan ƙarami, sassansa ba yawa, amma duk aikin da ake yi wa babban samfuri akwai shi a cikinsa.

Maganar layin haɗi tana farawa tun daga yadda ka ciro sassan. Kada ka murɗe sashe da hannu, robar za ta yage ta bar rami. Yanka da ƙaramar filaya mai kaifi, ka bar ɗan tsini kamar milimita ɗaya, sannan ka aske tsinin da reza, ka bi da sanfefa mai lamba 600. Kafin gam ya taɓa komai, haɗa ɓarin biyu a bushe ka ɗaga su wajen haske. Idan haske na wucewa ta tsakani, akwai abin da ya tokare a ciki. Sau da yawa mazaunin matuƙi ne bai zauna a gurbinsa ba, ko kaurin fenti a bakin haɗin. Sassan sabbin kwalayen Airfix matsattsu ne, fenti kaɗan ma yana hana su rufuwa, don haka kankare fenti daga duk inda roba za ta haɗu da roba.

Gam ɗin wannan aiki ba manna abu yake yi kamar sauran gam ba. Narkar da fuskar robar yake, ɓarin biyu su zama abu guda. Irin na tube mai kauri yana zuba fiye da kima, yana jan zare, kuma idan ya taru a wuri mai sirara kamar gefen fiffike, sai ka ga wurin ya lotsa bayan kwana biyu. Na ruwa ya fi, irin Tamiya Extra Thin mai ɗan buroshi a murfi. Riƙe ɓarin biyu a haɗe, ka ɗan sassauta kamar kaurin gashi, ka taɓa bakin buroshin a layin. Gam ɗin zai bi layin da kansa. Ƙirga zuwa goma, ka matse har ka ga siririn zaren narkakkiyar roba ya ɓullo. Wannan zaren shi ne maganin layin, kada ka goge shi, kuma ka kula kada yatsanka ya kasance kusa, domin gam ɗin yana shiga ƙarƙashin yatsa ya zana tambarinsa a jikin jirgi. Yi haka santimita uku-uku har ka zagaye, ka ɗaure da tef ɗin takarda.

Daga nan sai haƙuri, awa 24 aƙalla. Wanda ya goge da wuri zai ga wurin ya yi sumul, amma robar da ke ƙasa ba ta gama ƙanƙancewa ba, bayan mako guda layin ya dawo a ƙarƙashin fenti. Idan ta bushe, kankare zaren da bayan reza, ka bi da sanfefa 400, 600, sannan 1000, kana ɗan jiƙa ta da ruwa. Gangar Spitfire zagaye take, sai ka riƙa lanƙwasa sanfefar tana bin zagayen, in ba haka ba bayan jirgin zai baje. Inda rami ya rage, cike da foti irin Tamiya Putty, kaɗan-kaɗan, domin yana motsewa in ya bushe. Sufa gulu ma yana cikewa kuma ba ya motsewa, sai dai a goge shi cikin awa guda, bayan haka ya fi robar tauri, sanfefa za ta ci gefe ta bar shi. Layukan fale-falen jirgi da gugar ta shafe, maido su da allura, kana jinginar da ita da tef mai kauri.

Wani abin da ake mantawa: fukafukan Spitfire ba a miƙe suke ba, sun ɗaga sama da digiri 6. Dubi jirgin ta gaba kafin gam ya kama, ka tabbata ɗagawar dama da hagu ɗaya ce.

Ɗiyar Damagaram

Baba ya gama da maganar haɗi. Ni zan taɓa gilashi da tambari.

Malam SabonHannu, sufa gulu kada ya kusanci gilashin nan. Tururinsa ne ke sauka a kan robar mai gani-har-hanji ya zama farin hazo, musamman inda akwai maiƙon yatsa. Gam mai narkarwa shi ma in ya zarce ya ɓata shi har abada. Farin gam na kafinta, irin wanda ke bushewa garau, shi ya dace. Ɗiba da tsinken sakace, ka shafa siriri a bakin gurbin, ka ɗora gilashin, ka share abin da ya fito da audugar kunne mai laima. Ba shi da ƙarfi sosai, amma gilashi ba ya ɗaukar nauyi. Robar gilashi ta fi sauran gautsi, don haka wajen ciro ta daga firam yanka nesa da jikinta, ka rage a hankali.

Don fentin ƙarafan gilashin, manna tef ɗin takarda, ka danna da tsinke har zanen ƙarafan ya bayyana, ka yanka da sabuwar reza, ka cire na kan ƙarafan. Fara shafa koren cikin mazaunin matuƙi, fentin Humbrol mai lamba 78, sannan launin waje a kansa. Wanda ya leƙa ciki zai ga kore kamar na jirgin gaske.

Farin ƙyallin tambari kuwa iska ce. Fentin da ba ya sheƙi, in da za ka duba shi da madubin ƙara girma, duk kunya-kunya ne kamar gonar da aka yi wa huɗa. Tambarin yana kwanciya a kan tudun, iska ta maƙale a kwarin, haske ya riƙa dawowa fari. Maganinsa a cike kwarin da banish mai sheƙi kafin tambari. Shafi ɗaya ko biyu sun isa, a bar shi kwana guda.

Yanko tambari ɗaya-ɗaya, tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 10 zuwa 15, ka ajiye a kan takarda kamar rabin minti har ya fara zamewa. In ka bar shi yana iyo a ruwa, gam ɗin bayansa ne ke wankewa. Jiƙa wurin da Micro Set (sinadarin da ke taimaka wa tambari ya kama) ko ruwa, ka zamo tambarin daga takardarsa kai tsaye zuwa jikin jirgi da jiƙaƙƙen buroshi, kada ka ɗaga shi da hantsaki domin zai naɗe. Mirgina audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe. Bayan 'yan mintuna shafa Micro Sol, wanda ke tausasa shi ya shiga layukan jirgin. Zai yamutse har hankalinka ya tashi. Kada ka taɓa, da kansa zai miƙe kafin gari ya waye. Inda har yanzu ƙyalli ya rage, huda da bakin allura, ka ɗiga Micro Sol. Haruffan gefen jirgi su ne suka fi wannan matsala, saboda faɗin fatar tambarin mai gani-har-hanji da ke tsakanin harafi da harafi.

MaiFenti

Jama'a sannunku da ƙoƙari. Ɗan'uwa, rashin bindigar feshi kada ya dame ka. A 1/72 buroshi yana aiki mai kyau, muddin ka yarda da shafi uku masu sirara maimakon ɗaya mai kauri. Nemi buroshi mai faɗi kamar milimita 6 don fukafukai da gangar jiki, da mai tsini lamba 0 don ƙananan wurare.

Wanke jirgin da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke bayan ka gama guga, saboda maiƙon hannu da garin roba. Sai firaima, wato shafin share fage kafin fenti, ruwan toka na gwangwanin feshi, daga nisan santimita 20 zuwa 25, hannu na tafiya ba tsayawa. Wasu na cewa firaima ba dole ba ne. Ga fentin mai irin Humbrol na ƙaramin gwangwani, da gaskiyarsu. Ga fentin ruwa irin Vallejo kuwa ban yarda ba, domin ba ya kama tsurar roba, tef zai ɗago shi. Kuma firaima ne ke tona duk layin da bai ɓace ba tun ana iya gyarawa.

Launin Spitfire na lokacin yaƙin sararin samaniyar Birtaniya a 1940: sama ruwan ƙasa da kore mai duhu, ƙarƙashin jirgin kuma wani fari-fari mai ratsin kore da ake kira Sky. A Humbrol lambobin su ne 29, 30 da 90. A Tamiya, XF-52, XF-81 da XF-21. Fara da mai haske: ƙarƙashin jirgin, sannan ruwan ƙasa a duk saman, sannan ka zana iyakar koren da fensir ka cike. Farfela baƙa ce, bakin kowane reshe rawaya ne inci 4, wato kusan milimita 1.4 a wannan ma'auni. Sa fari a ƙasa kafin rawayan, in ba haka ba baƙin zai cinye shi.

Tsinkawa ita ce rabin aikin, kuma kowane fenti da abin tsinka shi. Vallejo Model Color da ruwa mai tsabta, kamar ɗigo biyu na fenti da ɗaya na ruwa. Kada ka zuba masa sifirit, dunƙulewa yake. Tamiya da tinarsa X-20A, amma da buroshi yana da wuyar sha'ani, yana bushewa nan take, kuma shafi na biyu yana ɗago na farko in ka yawaita komawa. Humbrol na mai da nasa tina, a juya shi sosai har ƙasan gwangwani, a bar awa 6 tsakanin shafi da shafi. Tinar masu fentin mota da ruwan goge farce kada su taɓa jirgin, narkar da robar suke. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, haka yake, kada ka bi shi kana gyarawa yana ɗanye.

Yanzu hunturu, wanda shi ne babban abokin gabarka. Busasshiyar iska tana sa fentin ruwa ya bushe a bakin buroshi, sawun gashi ya zauna. Ƙara ɗigon sinadarin jinkirta bushewa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na fentin. Ka kuma ɗiba fenti a kan takardar gashin burodi da aka shimfiɗa bisa jiƙaƙƙen soso, zai daɗe bai bushe ba. Feshin gwangwani daga nesa yana bushewa a iska ya sauka kamar yashi, sai ka matso kaɗan. Ƙura kuma robar da kanta ke jawo ta bayan an goge ta. Kashe fanka, yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, yi aiki da asuba ko da dare, kuma da zarar ka ajiye buroshi kife jirgin da robar abinci mai tsabta, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya don iska. Feshi da gam duka suna da tururi mai cutarwa kuma suna kama wuta, don haka a yi su inda iska ke shiga, nesa da risho da yara.

SabonHannu

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya. Baƙin ruwan da ake zubawa a layukan jirgi don su fito, kafin tambari ake sa shi ko bayan?

Ɗiyar Damagaram

Bayan tambari, Malam, kuma bayan ka sake rufe su da banish mai sheƙi na ruwa ya kwana. Dalili biyu ne. A kan sheƙi ruwan yana gudu cikin layi, a kan fenti marar sheƙi kuwa yaɗuwa yake ya zama tabo. Na biyu, wannan ruwan, irin Tamiya Panel Line Accent Color, na mai ne, kuma tinar da za ka goge shi da ita tana narkar da fentin mai. In da Humbrol ka yi fenti kuma babu banish na ruwa a tsakani, audugar za ta kwashe har koren. Taɓa bakin buroshi a layi, bar shi minti 15, ka goge rarar da audugar da ta ɗan sha tina kaɗan, daga gaba zuwa baya yadda iska ke bi. Kada tina ta taru a gindin ƙafafun taya, tana sa roba ta yi gautsi ta karye. Ruwan ƙasa mai duhu ya fi baƙi wuluk dacewa da ɗan jirgi irin wannan.

Baba Makaniki

Ƙari kaɗan a kan na 'yata. Alamun tsufa da ake yi wa jirgi, a yi su da dalili. Ƙofar matuƙin Spitfire a hagu take, don haka gindin fiffiken hagu ne ya fi gogewa, 'yan ɗige-ɗige da fensir mai ruwan azurfa sun wadatar. Hayaƙin salansa kuma garin alli mai launin toka da ruwan ƙasa, a shafa da busasshen buroshi. Daga nan banish marar sheƙi, shafi siriri. In aikin ya kai ka damina, kada ka fesa shi ranar da ake ruwa, laima na sa shi ya yi fari. Tef ɗin gilashi shi ne na ƙarshen cirewa, ka bi gefensa da reza tukuna don kada ya ɗago fenti. Tayoyi, farfela da sandar eriya a manna su bayan an gama komai. Wayar eriya kuma daga ragowar firam ake yin ta: gasa guntu a saman kyandir har ya yi laushi, ka janye daga wuta, ka ja hannu biyu a hankali. Wurin ajiya ya zama akwati mai murfi, ba bakin taga ba kuma ba cikin mota ba, domin zafin bazara yana lanƙwasa fukafukai, rana kuma tana sa launi ya koɗe.