Neman shawara: lissafin guga da rijiya ya ƙi fita

Wata ɗaliba daga Gombe: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji ɗaya a babbar sakandare, jarrabawar fiziks kuma ta matso. An ba mu tambaya: an jawo guga mai kilo 10 daga rijiya mai zurfin mita 15, aiki nawa aka yi? An koya mana aiki shi ne ƙarfi sau nisa, sai na ce 10 sau 15, na samu 150. Amsar da aka rubuta a allo kuwa 1,500. Don Allah daga ina sifirin nan ya fito? Abin yana damuna, don likita nake so in zama.

Wani malami daga Bauchi: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, mataki ɗaya kika tsallake. Kilo ba ma'aunin ƙarfi ba ne, da niyuton ake auna ƙarfi. Ƙasa tana jan kowane kilo ɗaya da niyuton 9.8, amma a jarrabawa yawanci akan ce a ɗauka 10 ne. To gugan nan, sai kin sa niyuton 100 kafin ki riƙa jawo shi sama. Yanzu ki ce 100 sau 15, ga 1,500 nan, ki rubuta jul a gefe, wato ma'aunin aiki. Kullum nakan gaya wa ɗalibaina, in dai an ce an ɗaga abu kuma an ba ku kilo, ku fara mai da shi niyuton kafin ku taɓa komai.

Wani ɗalibin injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU): Malam ya gama magana. Ƙari kawai, ki lura da inda ƙarfin ya dosa. Mai ga-ruwa da ya tura kura da niyuton 200 har mita 50, jul 10,000 ke nan, babu ruwanki da goman nan tunda niyuton aka ba ki. In kuma santimita aka bayar, raba da 100 tukuna ta koma mita, a nan maki ke zubewa a WAEC.

Malamin ya dawo: Gwada wannan. Lebura ya hau bene da buhun siminti mai kilo 50, tsayin mita 3. Aikin da ya yi a kan buhun kaɗai nake so.

Ɗalibar: Niyuton 500 sau mita 3, jul 1,500. Allah ya saka da alheri Malam. A ƙaro min wata mai santimita.