Me ya sa sandunan shuwaka suke bushewa kafin su yi saiwa?

Uwar Gida, unguwar Birni:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin harkar lambu. A watan Afrilu ƙanwata ta kawo mini sandunan shuwaka biyar daga Kano, na kafa su a tsakar gida, ina ba su ruwa safe da yamma duk da wahalar ruwan da kowa ya sani a garin nan. Biyu sun fito da 'yan ganye, amma kafin mako uku duk suka bushe, kuma da na tuge ɗaya sai na tarar gara ta cinye cikinta. Abin ya dame ni, domin mahaifiyata tana son miyar shuwaka, busasshen ganye kuwa ba ya kama ƙafar ɗanye. Shin ƙasar Damagaram ce ba ta karɓar ta, ko ni ce na yi kuskure?

Mai Lambu, Mirya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙasarmu tana karɓar shuwaka, lokacin dashen ne bai dace ba. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, sandar da ba ta yi saiwa ba kuwa ba ta da hanyar mayar da ruwan da rana take zuƙe mata, ko da kin jiƙe gindinta sharkaf. Ganyen da kika gani ma da ɗan abincin da ke cikin sandar ya fito. Ki jira damina ta kankama, wajen watan Yuli.

Ki nemi reshen da ya ƙosa, mai kaurin babban yatsa, a yanka shi kimanin santimita 30 da gaɓa huɗu ko biyar, a cire ganyen, a kafa shi a karkace, rabi a cikin ƙasa. Idan daga nesa za a kawo, a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhu, a dasa shi ranar da ya iso. Rairayinmu ba ya riƙe ruwa, saboda haka ki haƙa rami ki gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki da guntayen kara su ne suke kiran gara, mu kan barbaɗa toka a gindi.

Malamin Gona, Sabon Gari:
Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai ina so in ƙara batun fure, wanda mutane ba su cika kula da shi ba. Shuwaka, wadda masana suke kira Vernonia amygdalina, dangi ɗaya take da salati, kuma da rani takan fitar da ƙananan furanni farare a cunkushe a kan reshe, waɗanda ƙudan zuma suke so ƙwarai. Mai neman ganye bai kamata ya bar ta ta yi furen ba, domin da zarar ta mai da ƙarfinta can, ganyen yakan ƙanƙance. A riƙa datse kan reshe, sai ta yi rassa da yawa ta kuma tsaya daidai inda hannu zai kai, alhali idan an sake ta tana iya wuce mita uku. Ana iya shuka irin, amma ƙanana ne masu gashi da iska take kwashewa, kuma renonsu sai da inuwa da haƙuri. A tsakar gida sanda ta fi.

Inna, Garin Malam:
'Yata, tawa ta shekara shida a bayan ɗaki, inda inuwar katanga take rufe ta da rana ta karkata, kuma ruwan wankin shinkafa da gero nake zuba mata. Kada dai ki ba ta ruwan sabulu. Ki kewaye ta da ƙaya tun tana ƙarama, domin awaki ba su damu da ɗacinta ba idan ciyawa ta ƙare.

Uwar Gida, unguwar Birni:
Allah ya saka muku da alheri. Inna, idan Allah ya kai mu damina, zan aiko yaro ki taimaka mini da reshe biyu daga taki, tunda ita ta riga ta saba da ƙasarmu.