Neman kalmar Hausa: me za mu kira harpsichord?

Malam Isa: Assalamu alaikum. Ana neman sunan abin kiɗan nan na Turai mai kama da fiyano, wanda iyalin Ruckers suka shahara da ƙera shi a birnin Antwaf, a ƙasar Beljiyam ta yau, a ƙarni na 17. Na ga wasu na rubuta "tsohon fiyano". Ban gamsu ba. Fiyano guduma ce ke dukan tsirkiyarsa, shi kuwa wannan fizgar tsirkiya ake yi.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiyarka. Shi ne ma babba, don sai wajen 1700 Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano a birnin Fulorans na Italiya, yana neman abin da wannan ya kasa: a danna da ƙarfi sauti ya ƙaru, a danna a hankali ya ragu. Ba a kiran uba da sunan ɗansa. Wani ya kawo "mai tsinka", wannan ma a bar shi, don Bahaushe zai ɗauka tsirkiyar ce ke tsinkewa. Ni garaya na gani a cikinsa, tunda ita ma da farke ake kaɗa ta. Sai mu ce garaya mai madannai.

Sani: Hajiya, garaya fa tsirkiya biyu gare ta. Na Faransa mai jerin madannai biyu, kowane jeri 61, da sahun tsirkiya uku, lissafi ya ba da 183. Ba mu ƙanƙantar da shi ba?

Hajiya Rabi: Yawa ba ya sauya dangi, ƙanena. Dubi aikin. Ka danna madanni, ɗaya ƙarshen ya ɗaga wani siririn katako da ke tsaye a kansa. A saman katakon akwai harshe mai juyawa a kan fil, a jikin harshen aka soke farke. In katakon ya tashi, farke ya fizgi tsirkiya ya wuce. In ka saki, ya sauko, harshen ya kauce baya don farke ya zame ƙarƙashin tsirkiya ba tare da ya sake kaɗa ta ba, sai gashin alade ko siririyar waya ta mayar da harshen mazauninsa. Ƙyallen ulu da ke saman katakon ya zauna kan tsirkiya, sauti ya mutu. A da gashin fiffiken hankaka ake fereyewa a yi farken, yanzu yawanci robar Delrin ce.

Malam Isa: A nan tarko yake. Turawan Ingila na kiran wannan katako "jack", kuma in aka Hausantar da shi zai koma jaki. To masu goge da garaya sun riga sun ba jaki aiki: shi ne ɗan itacen da tsirkiya ke hawa. Wannan abin kiɗan ma yana da nasa jakin, a manne kan allon amo, wato siririn allon da ke ƙara wa tsirkiya sauti. Faransawa na ce wa katakon sautereau, Jamusawa Springer, duka ma'anarsu mai tsalle. Mu ce ɗan-tsalle.

Sani: Ɗan-tsalle ya zauna. Kalmar za ta yi amfani wurin bayanin gyara, don masu son abin nan su ke gyara kayansu da kansu. Tun da Frank Hubbard da William Dowd suka buɗe shago a Boston a 1949 suna koyi da tsoffin maƙera, sannan Wolfgang Zuckermann ya fara sayar da sassa mutum ya harhaɗa a gida, mai shi ya zama rabin kafinta. Wata matsala da ake yawan samu ita ce ɗan-tsalle ya rataye: farke ya yi tsawo ko gashin harshe ya yi tauri, sai ya maƙale a saman tsirkiya, madannin ya yi shiru a dannawa ta gaba. Ana rage tsinin da wuƙa mai kaifi, a kankare ƙasan farken kaɗan-kaɗan ana saurare. In an wuce gona da iri sautin ya raunana, sai sabon farke. Sahu ukun kuma ba a barin su fizga lokaci guda, ana jera su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba madanni ya yi nauyi.

Hajiya Rabi: Ƙara da laima. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari ake so. Bushewa irin ta hunturunmu tsaga allon amo za ta yi. Saiti kuma ba ya daɗewa, shi ya sa mabuɗin saiti ba ya nisa da mai shi. Da yawa kan ajiye sautin A, wanda ake auna saiti da shi, a karkarwa 415 cikin daƙiƙa maimakon 440 na fiyano.

Malam Isa: To mun tsaya a nan. A rubutu a fara da hafsikod, wato harpsichord a Hausance, a bi shi da garaya mai madannai sau ɗaya, daga nan kowanne ya isa. Sassa: madanni, ɗan-tsalle, harshe, farke, jaki, allon amo. Spinet da virginal, ƙananan ire-irensa, suna cikin dangin. Clavichord, wani abin kiɗa mai madannai, ba ya ciki, don shi ɗan ƙarfe ne ke bugun tsirkiyarsa, sai mu nema masa nasa sunan daban.